Darasi na 14: Yadda Ake Bi da Murya ta Cikin Lufa a Gaban Jama'a

Mawaƙin Hausa ba kasafai yake fita shi kaɗai ba. Mamman Shata da masu kalangu da 'yan amshi yake tafiya, Barmani Choge kuma da matan da ke kaɗa ƙwarya suna karɓa mata. Irin su Ɗanmaraya Jos, da ke tsayawa daga shi sai kuntiginsa, 'yan ƙalilan ne. Wannan darasi ya shafi wata 'yar na'ura da ke ba mutum guda damar zama shi ne makaɗi, shi ne 'yan amshi, shi ne kuma mai bayar da waƙa, duk a gaban idon jama'a ba tare da an kunna masa faifai ba. Masu sana'ar suna kiranta lufa. A ƙasa ake ajiye ta, da ƙafa ake sarrafa ta. Ka taka ta, ta fara naɗar abin da kake rerawa. Ka sake takawa, ta shiga maimaita shi ba tsayawa. Ka taka na uku, ta ɗora sabon abin da ka rera a kan na farko. A darasin nan za mu riƙa kiran kowane maimaici zagaye, kowane ƙari kuma ɗori.

Takawar kanta ana iya koyonta a 'yan makonni. Inda ake shan wahala shi ne hanyar da murya za ta bi ta shiga lufar, da hanyar da za ta bi ta fita zuwa sifika. Dalili kuwa shi ne yawancin lufar da ke kasuwa don jita mai lantarki aka ƙera su. Jita tsirkiyarta kawai take aikawa ta waya. Makirufo kuwa duk abin da ya ji sai ya aika: muryarka, numfashinka, tafin jama'a, rurin janareta, har da sautin da lufar kanta ke fitarwa ta sifika. Ita kuma lufa ba ta tacewa. Abin da ya shiga shi za ta dawo da shi a kowane zagaye har ƙarshen waƙa. Saboda haka aikin mawaƙi shi ne ya tsara tun kafin ya hau dandamali abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba.

Daga ina ta fito

Dabarar ta girmi na'urar. A 1963, a birnin Faris, wani mawallafin kiɗa ɗan Amurka, Terry Riley, ya yi aiki da rikoda biyu masu faifan tef, zare ɗaya ya ratsa su duka: ta farko tana naɗa, ta biyu tana karantawa bayan 'yan daƙiƙu tana mayar wa ta farko. Robert Fripp da Brian Eno na Ingila sun yi irin wannan da rikoda biyu ƙirar Revox a faifansu da ya fito a 1973. Kayan nauyi ne, kuma tsawon zagaye ya dogara da tazarar da ke tsakanin rikodojin a kan tebur. Sai da aka iya adana sauti a ƙwaƙwalwar lantarki sannan abin ya koma ɗan akwatin da ake takawa. Line 6 DL4 tana naɗar daƙiƙa 14 kacal, amma mawaƙa da yawa sun yi suna da ita. Kamfanin Boss na Japan ya fitar da RC-20 a 2001. A 2004 wata mawaƙiya 'yar Sikotilan, KT Tunstall, ta fito a shirin kiɗa na Jools Holland a talabijin ɗin BBC ita kaɗai, da jita da lufa ƙirar Akai, ta gina waƙarta hawa-hawa jama'a na kallo, kuma daga wannan fitowa tauraronta ya haska. A 2015 mawaƙi Ed Sheeran ya cika filin wasa na Wembley dare uku a jere, ba makaɗa, daga shi sai jita da lufa.

Ƙarfin sauti a cikin waya ba ɗaya ba ne

Kafin mu jona komai, sai mu san cewa sautin da ke tafiya a waya wutar lantarki ce 'yar kaɗan, kuma ƙarfinta ya bambanta. Abin da makirufo ke fitarwa shi ne mafi rauni, 'yan kaso kaɗan ne cikin dubu na bolt ɗaya. Na jita ya fi shi nesa ba kusa ba. Na miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka kafin a tura su sifika, ya fi su duka: a kayan ƙwararru ya ɗan haura bolt ɗaya. Lufar jita tana jiran ƙarfin jita ne. In ka ba ta na makirufo kai tsaye, abin da za ta naɗa zai fito can ƙasa-ƙasa, in kuma ka murɗa ƙara don a ji, sai ka ɗaga shi tare da wani shuu da ke kwance a ƙarƙashinsa. Ɗori biyar na irin wannan, shuu ɗin ma ya ninku.

Wayoyin ma iri biyu ne. Wayar makirufo bakinta mai ƙafa uku ne, ana ce da shi XLR. Igiya biyu ke ɗauke da sauti a cikinta, ɗaya kishiyar ɗaya, ta yadda duk wani gunjin lantarki da ya shiga a hanya sai ya soke kansa a ƙarshe. Shi ya sa ake jan ta mita talatin ko hamsin ba matsala. Wayar jita kuwa, mai baki kamar tsinke mai kaurin milimita 6.35 da ake kira jak, ba ta da wannan kariya. Da ta wuce mita biyar ko shida sai ta fara kwaso gunji, sautin kuma ya dushe.

Sai makirufon kansa. Na riƙewa a hannu da aka saba gani a wurin biki da wa'azi, irin Shure SM58 da ke kasuwa tun 1966, ba ya buƙatar wuta. Na situdiyo, wanda ake kira kwandensa, sai an tura masa bolt 48 ta cikin wayar XLR ɗin, da maɓallin da aka rubuta 48V a jikinsa. Lufar jita ba ta bayar da wannan wuta, don haka kwandensa ba zai ko yi tari a cikinta ba. Ko da zai yi ma, ba a ba mai koyo shawarar hawa dandamali da shi, domin kunnensa ya cika kaifi, kuma mun riga mun ga cewa kaifin kunne shi ne matsalarmu.

Hanyar farko: lufar da aka ƙera don murya

Wanda bai riga ya saya ba, ya sauƙaƙa wa kansa ya nemi lufar da ke da ramin XLR. Boss RC-30 tana da shi har da bolt 48, tana kuma da layi biyu na naɗi. TC Helicon Ditto Mic Looper XLR ne shigarta, XLR ne fitarta, ba wani tarkace. Boss RC-505, wadda ta fito a 2013 da layi biyar, a tebur ake ɗora ta a danna da hannu, kuma ita ce masu kwaikwayon ganguna da baki suka fi riƙa. A duk waɗannan, makirufo ya shiga lufa, lufa ta tafi miksa, shi ke nan.

Sauƙin yana da farashi. Muryarka ta kai tsaye da duk abin da ka naɗa za su isa wurin mai kula da sauti ta waya ɗaya, a cuɗe. In amshi ya danne baitin da kake bayarwa, ba shi da yadda zai rage ɗaya ya bar ɗaya. Kai ne za ka daidaita da maɓallin ƙarar zagaye da ke jikin lufar. A ƙaramin zaure ko aji wannan ya wadatar.

Hanya ta biyu: lufar jita da 'yar taransifoma

Da yawa abin da ke hannunsu lufar jita ce, irin Boss RC-1 ko TC Electronic Ditto, domin su suka fi araha. Kuskuren da aka fi yi shi ne a je kasuwa a sayo waya mai XLR a baki ɗaya da jak a ɗaya bakin, a ɗauka an gama. Bakin ya shiga rami, amma ƙarfin yana nan yadda yake. Abin da ake buƙata wata 'yar taransifoma ce mai tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan, irin Shure A85F, wadda ake sa wa a ƙarshen wayar makirufo. Ita ke ɗaga ƙarfin ya kusanci na jita. Ba ta cin batir, ba ta kuma bayar da bolt 48.

Wanda ya fi wannan kyau shi ne ƙaramar miksa mai layi biyu ko huɗu a gefen mawaƙi. Makirufo ya shiga miksa, fitar miksa ta shiga lufa. Nan ka sami maɓallin ƙarfin shiga, wanda aka rubuta GAIN a kansa, da na rage kauri ko kaifin murya, kuma kana iya ƙara makirufo na biyu a kan ƙwarya ko kalangu su ma su shiga zagaye. Sai dai a kula, miksa tana iya fitar da abin da ya fi ƙarfin lufar jita. A fara da ƙasa, a riƙa ƙarawa a hankali, da an ji murya ta fara tsagewa a koma baya.

Wajen fita kuma, tunda jak ne, in babbar miksa tana nesa sai a bi ta wani ɗan akwati da ake kira DI, wanda ke mayar da jak ya koma XLR. Akwatin yana da amfani biyu bayan wannan. Yana tare bolt 48 kada ta dawo ta bugi lufar in an manta an bar ta a kunne a wannan layi. Yana kuma da ɗan makunni mai rubutun LIFT da ke yanke gunjin nan mai kauri da ake ji in kayan sauti suna shan wuta daga soket daban-daban.

Hanya ta uku: a ɗebo daga miksa

Wannan ita ce ta masu kayan sauti, kuma ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Makirufo ya tafi miksa yadda aka saba, a layi na 1 misali. Kowane layi a miksa yana da maɓallin AUX, wanda ke ɗibar wani kaso na sautin layin ya fitar da shi ta wani rami daban. Daga wannan rami sai waya ta tafi lufa, fitar lufa kuma ta dawo miksa a wani layin, a ce na 2. Yanzu mai kula da sauti yana da murya a hannu ɗaya, zagaye a ɗaya hannun. Ƙari a kan haka, duk layin da aka buɗe wa AUX zai shiga lufa, wanda aka rufe wa ba zai shiga ba. Ana iya naɗar tafi da amshi a bar mai gabatarwa a waje.

Tarko biyu ne a nan. Na farko: maɓallin AUX na layi na 2, wato layin da lufa ke dawowa, dole ya zauna a sifiri. In aka buɗe shi ko kaɗan, fitar lufa ta koma shigarta ke nan, ta sake fita ta sake komawa, cikin ƙiftawar ido sifika ta ɗauki kuka mai huda kunne, wani lokaci har ta ƙone. Wasu masu sauti suna manna salatif a kan maɓallin don kada hannu ya kai.

Na biyu ya fi ɓuya. Yawancin lufa suna barin abin da ke shiga ya wuce ta cikinsu ya fita ko da ba a naɗa. Ke nan muryarka za ta isa sifika sau biyu, ta layi na 1 da ta layi na 2, kuma in ta biyun ta makara ko da da kaso ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa, sai su riƙa cin juna, muryar ta fito fayau ba jiki. Manyan lufa suna da wurin kashe wannan wucewa a cikin saitinsu, a duba littafin da ya zo da na'urar. In babu, sai a sa AUX ɗin a kan PRE, wato ya ɗebi sauti kafin maɓallin ƙarar layin, sannan a sauke ƙarar layi na 1 gaba ɗaya. Murya za ta fito sau ɗaya, amma an koma matsalar hanyar farko, komai a layi guda.

Makirufo biyu

Duk wanda ya kalli Ed Sheeran a dandamali zai ga makirufo biyu a gabansa. Ɗaya na waƙa ne, yana tafiya miksa kai tsaye, bai san da lufa ba. Ɗayan na zagaye ne, shi ke shiga lufa. In zai yi ɗori sai ya karkata wurin na biyu, in ya gama ya dawo na farko. A ganin mai wannan darasi, in dai akwai halin makirufo na biyu, wannan tsari ya fi duk sauran. Babu ninkin murya, babu haɗarin AUX, mai sauti yana da layi biyu a rarrabe, kuma ko lufar ta mutu a tsakiyar waƙa muryarka tana nan. Jama'a ma suna ganewa da idonsu lokacin da ake naɗa.

Makirufon zagaye ya kasance mai makunni a jikinsa, ko a sa masa fedar kashewa, domin a rufe shi duk lokacin da ba a aiki da shi. Dalilin haka shi ne abin da za mu duba yanzu, wanda ya fi komai lalata wasan lufa.

Sautin da ke komowa

A ce ka naɗi tafi a zagayen farko, yana fita ta sifikar da ke ƙasa a gabanka don ka ji. Ka buɗe ɗori za ka sa amshi. Makirufo zai ɗauki amshin, zai kuma ɗauki tafin da ke fitowa daga sifika. Yanzu tafi ya zama biyu a cikin lufa, na biyun ya ɗan makara, domin sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kowace mita tana jinkirta shi da kusan kaso uku cikin dubu na daƙiƙa. Ɗori na gaba zai kwaso tafin biyu da amshin. Na gaba ya kwaso su duka. Kafin a kai hawa na biyar kiɗan ya zama jagwalgwalo, kuma akwai wani amo guda, wanda ɗakin ya fi ƙarfafawa, da zai riƙa girma a kowane zagaye har ya rikiɗe ya zama kuka. Bambancinsa da kukan sifika na yau da kullum shi ne wannan ya riga ya naɗu. Ko ka janye makirufo yana nan yana zagayawa.

Maganin da ya fi kowanne shi ne a kawar da sifikar ƙasa, mawaƙi ya sa abin ji a kunne. Ba sai mai tsada mara waya ba. Iyafis mai toshe kunne da doguwar waya daga ramin kunne na miksa ya isa. In dole sai da sifikar ƙasa, a san inda makirufo ya kurumce. Irin SM58 ta gaba yake ji, ta bayansa daidai kuma kurma ne, don haka sifika ta zauna a gabanka tana kallonka, gindin makirufo yana nuna ta. Masu matsattsen ji kuwa, irin Beta 58A, suna ɗan ji ta baya, kurumtarsu tana gefe-gefen baya ne, sai a gusar da sifika gefe. Manyan sifikun jama'a su kasance gaba da mawaƙi, ba bayansa ba. Wannan a wuraren bikinmu sai an yi da gaske, domin an saba jera sifiku a bango a sa mawaƙi a gabansu.

Sauran kuma ɗabi'a ce. Baki ya matso dab da makirufo, domin muryarka ta rinjayi duk abin da ke kewaye. Kada a dunƙule kan makirufo da tafin hannu kamar yadda samari ke yi, hakan yana toshe ramukan bayan da ke sa shi kurumcewa, sai ya koma yana ji ta ko'ina. Ɗori kuma a buɗe shi dab da za a rera, a rufe da an gama. Barin shi a buɗe zagaye uku kana tunanin abin da za ka ƙara, naɗar ɗaki ne sau uku.

Eko, gyaran murya, da wurin da kowanne zai zauna

Masu kayan sautinmu suna son eko, wani lokaci har ka rasa gane abin da mai magana ke faɗa. Da lufa, eko a bayanta yake zama, wato a miksa, bayan sauti ya fito. In ya shiga gabanta, kowane ɗori zai naɗu da nasa ekon, hawa shida eko shida, ba kuma mai iya cire shi. Wani abin kuma, jelar ekon tana yankewa ƙat a inda zagaye ya ƙare, kowa ya ji ɗinkin.

Na'urar daidaita karin murya irin ta Auto-Tune, da mai ƙirƙiro muryoyin rakiya, su kuma a gaban lufa suke zama. Murya ɗaya suke iya bi a lokaci guda. In ka tura musu muryoyi huɗu a haɗe sai su rikice.

A bar wa ɗori wuri. Sautuka biyu mabambanta masu ƙarfi ɗaya in sun haɗu suna ƙara kusan desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sauti, huɗu su ƙara 6, takwas su ƙara 9. Wanda ya naɗi hawan farko har jar fitilar da ke nuna sauti ya yi yawa tana ƙiftawa, ba shi da inda zai sa na biyu. Maɓallin yanke kaurin ƙasa da ke kan miksa, mai rubutun 80 ko 100, a danna shi a makirufon waƙa don ya rage bugun iska da girgizar dandamali. Amma in da baki kake yin babbar ganga, a bar shi a buɗe a makirufon zagaye, domin kaurin nan shi kake nema.

Ƙafa da ƙirga

A ɗauki kiɗa mai bugu 120 a minti. Kowane bugu rabin daƙiƙa ne, zagaye mai bugu takwas daƙiƙa huɗu ke nan. Ana taka fara naɗi a kan ɗaya, a kuma taka rufewa a kan ɗayan da ke biye da takwas, ba a kan takwas ɗin ba. Kusan kowane mai koyo a nan yake tuntuɓe, ya rufe a kan takwas, zagayen ya fito da ɗingishi. Kuma kada a tsayar da rerawa don za a taka. A ci gaba kamar za a shiga zagaye na biyu, ƙafa ta sauka a cikin tafiyar. In ƙafarka ta makara da kaso ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a waƙar minti uku za a ji wannan tangarɗa kusan sau 44. Da ka ji zagayen farko bai zauna ba, goge shi ka sake nan take. Jama'a sun fi yafe wannan a kan su zauna da shi minti uku. Ga ɗorin da ya ɓaci kuma, yawancin lufa suna cire na ƙarshe in aka danne feda na ɗan lokaci.

A nan ne mawaƙin Hausa zai ga inda lufa ta saɓa da 'yan amshi. 'Yan amshi suna sauraron mai waƙa. In ya ja baiti ya yi tsawo, ko ya hango wani babban mutum ya shigo ya tsaya yi masa kirari, za su jira shi. Lufa kuwa da daƙiƙa huɗunta sun cika za ta shigo da amshi, ko ka gama ko ba ka gama ba. Mafita ita ce lufa mai layi biyu: kiɗa a layi ɗaya yana tafiya, amshi a ɗaya layin, ka tsayar da shi ka sake shi da ƙafa lokacin da kake so. Mai layi ɗaya kuwa sai ya naɗi zagaye mai tsawo, ya bar rabinsa fili don baiti, ya kuma auna baitocinsa su shiga filin. In akwai mai kalangu a tare, shi zai bi lufa, kuma dole a ba shi hanyar jin ta sosai.

Game da abin da za a ɗora, a tuna cewa mai sauraron waƙar Hausa kalmomi yake bi. Ɗori biyu masu kalmomi daban-daban a lokaci guda suna kashe juna. Tsarin da ya fi zama shi ne tafi ko bugun baki a ƙasa, sai gunji mai kauri ba kalma, sai amshi gajere wanda za a iya ninka shi da murya ta sama. Baitin kansa ba ya shiga lufa. Hawa uku ko huɗu sun ishi yawancin waƙoƙi, kuma ginin kada ya ɗauki lokaci har jama'a su fara hira.

Wuta, da ranar wasa

Ƙananan lufa bolt 9 suke ci, kuma a yawancinsu tsakiyar bakin cajar ce ke da alamar ragi (−), wato akasin cajojin wasu kayan gida. Cajar da bakinta ya shiga ba lallai ta dace ba, a duba zanen da ke kusa da ramin. In wuta ta ɗauke ko janareta ya yi tari, duk zagayen da ba a adana ba ya tafi. RC-30 tana aiki da batir shida ƙanana masu lamba AA, ƙaramar Ditto kuwa ba ta da wurin batir sam. Inda wuta ba ta da tabbas, batir sabo ko ƙaramar na'urar riƙe wuta ta kwamfuta ta fi caja a soket.

A isa wuri da wuri a yi wa mai sauti bayani, domin wanda bai saba ba yana iya jin murya tana fita alhali bakinka a rufe, ya ɗauka matsala ce ya sauke layin. A jona komai sifiku na kashe, su ne na ƙarshen kunnawa, su ne na farkon kashewa. Lufar ma tana taimakawa a gwaji: naɗi baiti ɗaya ka bar shi yana zagayawa, ka sauka ka zaga zauren ka ji yadda muryarka ke isa kujerun baya. Ka gina hawa huɗu a gwajin, da ƙarar da za a yi wasan da ita, domin a hawa na huɗu matsala ke bayyana.

Tunda an saba ganin mawaƙi a biki ana kunna masa waƙarsa yana bi da baki, wasu za su zaci haka kake yi. Ed Sheeran ma bayan wasansa a bikin kiɗa na Glastonbury a 2017 sai da ya fito ya yi bayani cewa ba faifai ya kunna ba. Saboda haka waƙar farko a fara ta daga shiru, a gina ta a fili, in da hali a sa jama'a su yi tafin da za a naɗa.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku: mai waƙa, mai riƙe miksa, da mai sauraro daga ƙarshen aji. Ku jona makirufo da lufa ta hanyar da kayan ajinku suka ba da dama, ku zana hanyar a takarda da kibiyoyi daga baki har sifika. Mai waƙa ya naɗi tafi mai bugu takwas, ya sake har sai mai sauraro ya kasa gane inda zagayen ya haɗe. Daga nan ku rage ƙara sosai, ku juya makirufo ya kalli sifika, ku bar ɗori a buɗe zagaye huɗu ba wanda ya yi magana, hannun mai miksa yana kan maɓallin ƙara. Ku goge, ku juya wa sifika gindin makirufo, ku maimaita. Kowa ya rubuta bambancin da ya ji.

A gida kuma ku amsa waɗannan. Wata mawaƙiya tana da lufar jita da makirufo kwandensa, ta sayo waya mai XLR da jak, ba ta ji komai ba: me ya faru, kuma me za ta nema? Mai sauti ya dawo da lufa a layi na 5, da ya ɗaga ƙara sai sifika ta ɗauki kuka tun ba a yi magana ba: wane maɓalli za ku fara dubawa? Waƙa tana tafiya a bugu 90 a minti, ana son zagaye mai bugu goma sha biyu: daƙiƙa nawa ke nan?